Kofin fitsari a ƙofar wurin aiki: wa ya kamata a gwada a Kumasi?

Duk wanda ya tsaya a bakin babban titin Bantama da sanyin safiya zai ga kusan kowace irin sana'a da birnin Kumasi ke rayuwa a kanta tana wucewa ta gabansa. Ma'aikatan jinya da suka kwana a bakin aiki suna fitowa daga Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, na safe kuma suna shiga. Direbobin motocin haya na trotro suna ta cika da sauke fasinja tsakanin Kejetia da Sofoline da Abrepo, yaran mota suna rataye a ƙofa suna kiran sunayen unguwanni. Masu keken haya mai ƙafa uku, wato pragya, suna kutsawa ta duk inda suka ga kafa, masu keken dako, wato aboboya, sun lafto kaya sun nufi kasuwa, kanikawa da masu walda sun kama hanyar Suame Magazine, ma'aikatan banki da malaman makaranta kuma suna jiran abin hawa da jakunkunansu a hannu. Da yawa cikin waɗannan mutane daga unguwannin zango suka fito, daga Asawase da Aboabo da Sabon Zango da Akwatia Line. Idan aka tare su ɗaya bayan ɗaya aka tambaye su ko ya dace a riƙa gwada ma'aikata don a gano masu shaye-shaye, zai yi wuya a sami wanda zai ce a'a kai tsaye. Inda bakinsu zai rabu shi ne a kan wanda za a gwada, domin kusan kowa yana da wani a ransa da yake ganin shi ya kamata a miƙa wa kofin, kuma wannan wanin ba kasafai yake zama shi kansa ba.

Maganar ba ta taso a banza ba. Tun wajen 2018 ƙwayar tramadol, wadda matasa ke kira tramol, ta zama abin da ake magana a kai a masallatai da gidajen rediyo a faɗin Ghana. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa, FDA, ta amince ne da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kawai, amma abin da ke yawo a tasha da lunguna ya haɗa da mai 120 da 225 har da 250. A wannan shekarar ce aka hana maganin tari mai koden, aka kuma tsaurara dokar sayar da tramadol. Da aka matsa wa wannan, sai wata ta ɓullo, wadda ake kira Red, haɗin tapentadol da carisoprodol, kuma a watan Fabrairun 2025 binciken BBC ya bi sawunta daga titunan Tamale har zuwa wani kamfanin magunguna a Mumbai ta ƙasar Indiya. A irin wannan yanayi ba abin mamaki ba ne iyaye da malamai da masu ɗaukar ma'aikata su ga gwaji a matsayin sandar da ta rage a hannunsu. Ra'ayina shi ne gwajin yana da gurbi, amma gurbin nasa ƙarami ne kuma sananne: ya bi haɗarin da ke cikin aikin, ya hau kan duk mai yin wannan aikin komai matsayinsa, kuma kada a fara shi sai an shirya abin da za a yi wa wanda ya faɗi. Abin da ake yawan kira a yi ya saɓa wa wannan, domin ya fi bin raunin ma'aikaci da sunan unguwarsa fiye da haɗarin aikinsa.

Ya kamata a fara da matsayin da ƙasar kanta ta ɗauka. Ƙarƙashin tsohuwar dokar PNDC mai lamba 236 ta 1990, wanda aka kama yana shan wiwi zai iya shafe aƙalla shekara biyar a kurkuku. A 2020 majalisa ta zartar da doka mai lamba 1019, wadda ta mayar da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi daga NACOB zuwa NACOC, ta kuma maye gurbin ɗaurin mai riƙe da ƙwaya don amfanin kansa da tara ta sidi 2,400 zuwa 6,000, tare da buɗe ƙofar tura shi neman magani. Ma'anar wannan sauyi ita ce gwamnati ta yarda cewa mai shaye-shaye majinyaci ne kafin ya zama mai laifi, kuma mai fataucin ne abokin gabar ƙasa. To idan alƙali, da duk ikon da doka ta ba shi, ba zai ƙara raba mutum da 'yancinsa shekara biyar saboda sha ba, da wace hujja mai kamfani zai raba shi da abincinsa har abada bisa wani layi da ya fito a jikin ɗan tsinken gwaji, ba tare da an saurare shi ba? Korar mutum daga aiki a ƙasar da samun aikin albashi ya yi wuya hukunci ne da ya fi waccan tarar nauyi ƙwarai, kuma yana sauka a kan mata da 'ya'ya da tsofaffin iyaye da ba su sha komai ba.

Akwai wuraren aiki da ma'aikatansu suka karɓi gwaji ba tare da wani gunaguni mai yawa ba, kuma dalilin karɓar tasu darasi ne. A manyan ma'adinai irin na zinariya da ke Obuasi, kudu da Kumasi, hura na'urar gwajin barasa a bakin ƙofa abu ne da aka saba da shi, haka ma a tsakanin matuƙa jiragen sama da direbobin tankokin mai na manyan kamfanoni. Mutumin da zai shiga ƙarƙashin ƙasa ya san ransa yana hannun wanda ke jan lifta da wanda ke dasa nakiya, don haka gwajin abokin aikinsa kariya ce gare shi, gwajinsa kuma kariya ce ga abokin. Haka tarihin abin yake a Amurka ma. Ranar 4 ga Janairun 1987 jirgin ƙasa na fasinja ya yi karo da wasu kawunan jirage a Chase, jihar Maryland, mutum 16 suka mutu, aka kuma gano cewa direban da ya keta alamar tsayawa ya sha wiwi. Bayan shekara biyu kotun ƙolin ƙasar ta amince da gwada ma'aikatan jirgin ƙasa, a 1991 kuma majalisa ta wajabta gwajin a harkar sufuri baki ɗaya. Inda haɗari yake a fili, kuma doka ta hau kan kowa daga manaja har lebura, mutane ba sa jin an ci mutuncinsu.

Ma'aikacin banki a Adum ko malamin makaranta ko akawun ofishin gunduma ba haka yake kallon abin ba, kuma bai kamata a yi saurin cewa girman kai ne ba. Kuskurensa a wurin aiki ana iya gani, ana iya gyarawa, kuma akwai hanyoyin ladabtar da shi a kai ko ya sha wani abu ko bai sha ba. Tambayarsa ita ce me ya haɗa mai aikinsa da abin da ke cikin mafitsararsa, alhali sashe na 18 na tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin ɗan ƙasa, dokar kare bayanai ta 2012 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake taka-tsantsan da su na musamman. Amurkawa sun bi ta wannan hanya: daga umarnin Shugaba Reagan na 1986 a kan ma'aikatan tarayya, gwaji ya bazu har ya kai ga masu jera kaya a kanti, ya zama wata babbar kasuwa ta kanta. Kanada ta ja layi a wani wuri dabam. A shari'ar kamfanin takarda na Irving a 2013, kotun ƙolinta ta ce ko a masana'anta mai haɗari, mai kamfani ba zai ɗora wa ma'aikata gwajin ba-zata da ra'ayin kansa ba sai ya nuna cewa akwai matsalar sha a wurin. Abin lura a Kumasi shi ne waɗannan ma'aikatan ofis su ne suka fi sauƙin gwadawa, don suna da takardar ɗaukar aiki da sunansu a rajista, kuma su ne gwajin nasu zai fi ƙarancin ceton rai.

Rukunin da aka fi yin shiru a kansa shi ne na ma'aikatan lafiya. A ko'ina cikin duniya an san cewa likitoci masu sa barci da ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna suna cikin haɗari na musamman, saboda makullin kabad ɗin da ake ajiye allurai masu ƙarfi yana hannunsu, ga kwanan aiki da ganin mutuwa kullum. A Ghana ma likitocin ƙwaƙwalwa sun sha yin magana a kan allurar pethidine a tsakanin wasu ma'aikatan asibiti. Idan ma'auni haɗari ne, hannun da ke riƙe da wuƙar tiyata ko ke auna maganin jariri bai gaza hannun da ke riƙe da sitiyari ba. Amma farar riga tana da kwarjini, kuma mutumin da zai ce a tsayar da kowane ɗan pragya a gwada shi zai ji nauyin faɗar haka game da likita. Wannan jin nauyin ba ya taimakon ma'aikacin da ya kamu, domin abokan aikinsa sukan rufa masa asiri har sai abin ya kai inda ba ya rufuwa.

Mu koma tasha, inda maganar ta fi zafi. Ghana tana rasa sama da mutum 2,000 a hatsarin mota kowace shekara, kuma duk wanda ya taɓa shiga motar dare daga Kumasi zuwa Tamale ko Bolga ko Bawku ya san irin addu'ar da fasinja ke yi idan ya ga idon direba ya kaɗa. Hatsarin da ya faru kusa da Kintampo a watan Maris na 2019, inda manyan motocin fasinja biyu suka yi taho-mu-gama cikin dare, mutum fiye da 50 suka rasu, har yanzu bai fita daga zukatan mutane ba. Fasinja yana da cikakken haƙƙin ya nemi direba mai cikakken hankali, kuma a nan ba ni da wata jayayya: idan akwai sana'ar da ta cancanci gwaji a Kumasi, tuƙin haya ne. Sai dai tambayar da ake tsallakewa ita ce wa zai yi gwajin, kuma wa zai ɗauki alhakin sakamakonsa. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu aiki a Ghana suna sana'o'in da ba su da rajista, kuma yawancin direbobin trotro da pragya ba su da mai ɗaukar aiki irin wanda dokar ƙwadago ta 2003 ta sani. Abin da suke da shi mai mota ne, wanda ke jiran kuɗin da aka yanka masa kowace yamma, abin da suke kira sales, ko kuma yarjejeniyar biya a hankali har motar ta zama ta direba. Sai direba ya cire kuɗin mai mota da na fetur da na tasha da abin da aka karɓe a shingen hanya, sannan abin da ya rage ya zama nasa da yaron motarsa.

Wannan tsari shi ne tushen abin, kuma duk mai son fahimtar yadda direba ke kallon gwaji sai ya tsaya a kansa. Mutumin da zai fito kafin asuba ya koma gida bayan isha, yana zaune a kujerar da ta lotsa, bayansa na ciwo, ba don nishaɗi yake fara haɗiyar tramol ba. Yana shan ta ne don ta kashe ciwon jiki ta kuma ɗauke masa jin gajiya, kamar yadda masu dako a Kejetia da masu haƙar zinariya ta bayan fage, wato galamse, da leburorin gini ke sha, har suna kiran ta maganin ƙarfi. Daga baya jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta zama uku, rashin sha ya zama ciwo da kansa, yawan sha kuma yana iya jawo farfaɗiya, wanda a kan sitiyari ma'anarsa mutuwa ce. Dokokin hanya na 2012, wato L.I. 2180, sun hana direban haya tuƙi fiye da awa huɗu a jere ba hutu, ko fiye da awa takwas a cikin awa ashirin da huɗu. Da ana aiki da wannan ƙa'ida, da an rage buƙatar ƙwayar tun daga tushe, amma aiki da ita zai taɓa aljihun mai mota, wanda sau da yawa babban mutum ne a gari. Shi ya sa direba, idan ya ji ana maganar gwada shi kaɗai, yake ganin an bar jaki ana dukan taiki. Bai yi gaskiya ba idan ya ce a ƙyale shi, amma ya yi gaskiya da ya ce ba shi kaɗai ya sa kansa a wannan hali ba.

Akwai kuma abin da masu kiran a yi gwaji ba su cika sani ba, wato abin da ɗan tsinken yake iya gani da wanda ba ya gani. Gwajin fitsari ba ya auna maye. Yana nuna ragowar abin da jiki ya sarrafa ne, kuma tsawon zaman ragowar ya bambanta. Wiwi yana iya bayyana a fitsarin mai yawan sha har bayan makonni da daina shi, barasa kuwa tana fita cikin sa'o'i. Don haka kanikan da ya yi zuƙa kwana goma da suka wuce zai iya faɗuwa, direban da ya kwana yana shan barasar akpeteshi a mashayar Bantama kuma ya tashi da jiri zai iya tsallakewa. Mafi muni, gwajin da aka fi sayarwa, mai neman ƙwayoyi biyar, an tsara shi ne bisa abin da ya dami Amurka, kuma layinsa na dangin hiroyin da mofin ba ya kama tramadol ko tapentadol sai an sayi tsinke na musamman. Ke nan kamfanin da ya sayi gwaji mai araha a Kumasi zai kori mai shan wiwi ya bar mai shan Red, kuma da zarar matasa sun gane haka, gwajin da kansa zai tura su daga ganye zuwa ƙwayar da ta fi saurin kisa. Ga kuma kuskure: maganin efavirenz da masu cutar HIV ke sha an san yana iya nuna alamar wiwi ta ƙarya a wasu gwaje-gwajen, rifampicin na tarin fuka kuma yana iya nuna ta dangin mofin. Shi ya sa ƙa'ida ta ce sakamakon farko zato ne kawai sai babban ɗakin bincike ya tabbatar. Inda babu wannan mataki, ma'aikaci zai zaɓi ɗaya cikin biyu, ko ya rasa aikinsa a kan abin da bai sha ba, ko ya tona asirin ciwonsa a gaban manaja.

Ga mutanen zango akwai wata fargaba ta daban da bai kamata a ɓoye ta ba. Sunan zango ya daɗe yana ɗauke da wani tabo a bakin wasu 'yan ƙasa, har matashi yakan yi jinkirin rubuta Aboabo a takardar neman aiki. Gwajin da aka bar wa manaja ikon zaɓar wanda ya ga dama, bisa abin da ake kira zargi, zai bi wannan tabon kamar yadda ruwa ke bin gangare, kuma ba a kan ɗan mai kamfani zai fara sauka ba. A lokaci guda, ba a zango aka fi samun masu kare shaye-shaye ba. Malamai da iyaye mata da sarakunan zango suna cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan ƙwaya, domin su ne ke wanke gawa su ne kuma ke zuwa belin yara. Addinin da ya haramta duk abin da ke gusar da hankali shi ne kuma ya hana bin diddigin asirin mutane, ya kuma ɗora amana a wuyan duk wanda aka danƙa wa rayuka. Waɗannan ukun ba sa karo da juna idan an bi ma'aunin haɗari: wanda ya ɗauki rai goma sha biyar a motarsa ya karɓi amanar da ta ba al'umma damar dubawa, wanda ke ɗinki a shagonsa kuma nasiha da taimako ne haƙƙinsa a kanmu, ba bincike ba.

Idan magana ta kai nan, a tasha ko a majalisar shan ataya, sai wani ya ce a fara da 'yan siyasa. A Najeriya an gwada hakan. Kafin zaɓen ƙananan hukumomin Kano na Janairun 2021 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta gwada 'yan takara, aka kuma sanar cewa 13 sun faɗi an maye gurbinsu, shugaban hukumar Buba Marwa kuma ya daɗe yana kiran a gwada masu neman muƙami da ɗalibai har da masu shirin aure. Kotun ƙolin Amurka ta bi akasin haka a 1997, lokacin da ta soke dokar jihar Jojiya mai tilasta wa 'yan takara gwaji, bisa hujjar cewa alama ce kawai ba maganin wata matsala da aka nuna ba. Ta fuskar kama mai sha, kotun tana da gaskiya, domin gwajin da aka sanar da ranarsa tun da wuri mai rauni ƙwarai kaɗai yake kamawa. Amma ina ganin abin da mutanen tasha ke nufi ya wuce wannan. Suna cewa ne wanda ya sa hannu a kan doka ya fara ɗanɗana ta, kuma wannan buƙata ce mai ma'ana. Shugaban da bai yarda ya shiga layi da kofinsa a hannu ba, zai yi wuya ya shawo kan direba cewa abin ba wulaƙanci ba ne.

Mai adawa da wannan ra'ayi zai ce na cika sharuɗɗa, alhali rayuka na salwanta, kuma ko gwaji mara kyau zai tsorata wasu su daina. Wannan hujja tana da nauyi, kuma da shaida ta goyi bayanta da sai a sallama. Amma nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2009 a kan gwada direbobin aiki ya tarar da bincike ƙalilan ne suka cancanci dubawa, kuma ba su isa a yanke hukunci cewa gwajin shi kaɗai yana rage rauni da hatsari ba. Inda shaida ta fi ƙarfi shi ne gwajin barasa ta numfashi a kan hanya, domin yana auna halin da direba yake ciki a wannan lokacin, kuma dokar hanya ta 2004 ta riga ta ba 'yan sanda ikon yin sa. Kuɗin da za a kashe wajen gwada fitsarin akawu dubu, da an sayi na'urorin numfashi an ajiye a tashoshin dogon zango da ya fi amfani. Wani kuma zai ce mai kamfani yana da ikon zaɓar wanda yake so ya yi masa aiki. Haka ne, yana da ikon korar malalaci da mai zuwa a buge da mai ɓata aiki, kuma ba ya buƙatar ɗakin bincike kafin ya gane su. Abin da ba shi da shi shi ne ikon mallakar awa ashirin da huɗu na mutumin da yake biya kuɗin awa takwas.

Adawar da ta fi wuyar amsawa ita ce mai cewa ma'aunin haɗarin ma a kan talaka zai ƙare, tunda talaka ne ke tuƙi da walda da shiga rami. Akwai gaskiya a ciki, kuma amsarta tana cikin abin da zai biyo bayan sakamako. Direban da aka kora daga tashar ƙungiyar direbobi ta GPRTU ba ya daina tuƙi, sai dai ya koma ɗaukar fasinja a bakin hanya ko ya nemi pragya, inda babu mai duba shi ko kaɗan, ga jarabar tana nan ga baƙin cikin kora ya ƙaru. An cire shi daga littafi ne, ba a cire shi daga titi ba. Tun 1996 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar a ɗauki matsalar sha a wurin aiki kamar sauran matsalolin lafiya, a tsara manufa tare da wakilan ma'aikata, a kiyaye sirri, a kuma fifita magani a kan kora. Matsalar ita ce wurin maganin. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, Accra da Pantang da Ankaful, kuma dukkansu suna kudancin ƙasa, mutumin Kumasi kuwa sashen da ke Gee da ƙananan sassan asibitocin gunduma ne madogararsa, sai gidajen farfaɗowa masu zaman kansu da kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗan tasha. Barin tramadol dare ɗaya yana zuwa da ciwon jiki da rashin barci da ƙunci mai tsanani, don haka cewa mutum ya je ya daina ya dawo, ba tare da likita ba, tura shi ne ya koma wurin mai sayarwa.

Da za a fara a Kumasi gobe, wurin farawa tashoshin dogon zango ne, inda motocin dare ke tashi zuwa arewa da Accra da Takoradi, domin a nan ne rayuka suka fi yawa a hannun mutum ɗaya, a nan ne kuma ƙungiyar direbobi ke da rajista da ikon hana mota lodi. Kafin mota ta tashi direba ya hura na'ura, a kuma duba littafin da ke nuna sa'ar da ya sauka daga tafiyar baya, domin barci yana kisa kamar yadda ƙwaya ke yi kuma babu tsinken da ke gano shi. Gwajin ƙwaya ya zama na ƙuri'a, ba na nuna yatsa ba, ya ƙunshi tramadol da tapentadol, shugabannin tasha su shiga ƙuri'ar tare da kowa, kuma kuɗinsa ya fito daga masu motoci da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, kada ya zama wani sabon haraji a wuyan direba ko sabuwar ƙofar karɓar na goro. Wanda ya faɗi a sauke shi daga sitiyari nan take, a tura samfurinsa babban ɗakin bincike, sakamakon ya tsaya tsakaninsa da ma'aikacin lafiya, a kuma ajiye masa gurbinsa na wasu watanni idan ya shiga magani. Mai motar da aka samu ya tura direba tafiya biyu a jere ba hutu a hana motarsa lodi tsawon kwanakin da za a hana direban da ya sha. Irin wannan tsari, idan ya zauna a tasha, shi za a ɗauka zuwa ɗakin tiyata da ɗakin ajiye magunguna da wurin masu tuƙa manyan injinan gini, a bar akawu da tela da malamin aji a auna su da aikin da suka yi.